Golf Ɗin Faifai: Yadda Filin Jama'a Ya Mayar da Jifan Murfi Wasan Duniya

Idan a Ikara ka tashi, ko Makarfi, ko ɗaya daga cikin ƙauyukan Kudan, da wuya a ce ba ka taɓa ɗaukar murfin gwangwani ko na tsohon bokitin fenti ka wurga shi a kwance ba, ka tsaya kana kallon yadda yake shawagi kafin ya faɗi. Wataƙila ma faifan da ake rufe ƙwarya da shi ka ɗauka, ka sha faɗa a wajen Inna. To, wannan wasan yaran da ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, a wasu ƙasashe ya girma har ya samu dokoki da ƙungiya da gasar duniya. Filayensa a yau sun haura 15,000, kuma akasarinsu a wuraren shaƙatawa na jama'a suke, inda ba a biyan ko kwabo.

Turawa sun haɗa masa suna daga faifai da kuma golf, wasan nan da wasu ke kira ƙwallon lambu. Mu ma bari mu kira shi golf ɗin faifai. Tambayar da za mu bi a yau ita ce: tunda yara a ko'ina suna jifa da murfi, me ya sa a wani wuri abin ya ɗore, a wani wurin kuma ya mutu da yarinta?

Yadda ake yinsa

Ana tsara fili ne zango-zango, galibi 9 ko 18. Kowane zango yana da wurin tsayawa da kuma abin hari, wato kwandon ƙarfe a jikin sanda mai sarƙoƙi suna reto a samansa. Za ka jefa faifan roba daga wurin tsayawa. Inda ya faɗi, nan za ka je ka sake jifa, har sai ya shiga kwando. Wanda ya gama zagaye da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Shi ke nan fa. A ƙaramin fili na unguwa, zango kan kai mita 50 zuwa 100, kuma bishiyoyi su ne daɗin wasan, don dole ka san yadda za ka lanƙwasa jifa ka kewaye su.

Murfi, farantin kek, sannan roba

Labari mafi tsufa da masu tarihin wasan ke kawowa ya fito ne daga Bladworth, wani ƙaramin ƙauye a lardin Saskatchewan na Kanada. A shekarun 1920 'yan firamaren garin sukan zana da'ira a ƙasa, su riƙa jefa murfin gwangwani suna ƙirga jifa nawa ya kai kowa ciki. Da yaran suka girma suka watse, sai wasan ya bi su. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shi kuwa faifan roba, asalinsa daga wani Ba'amurke ne mai suna Walter Frederick Morrison. A 1937 shi da budurwarsa Lucile suka fara wasa da murfin gwangwanin gugguru, daga baya suka koma farantin gasa kek. Kamar yadda shi ya ba da labari, wata rana a bakin teku a Kalifoniya wani ya taya farantin santi 25, alhali santi 5 ake sayar da shi a kanti. Nan ya ga ashe akwai kasuwa. Bayan ya dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya tuƙa jirgin yaƙi, ya fito da faifan roba a 1948, ya sake gyara shi a 1955, sannan a 1957 ya sayar wa kamfanin kayan wasa na Wham-O. Kamfanin ne ya raɗa masa Frisbee, sunan da ake dangantawa da gidan burodin Frisbie na garin Bridgeport, wanda ɗalibai ke wasan jifa da farantansa.

Da faifai ya shiga hannun jama'a, sai mutane a garuruwa daban-daban suka riƙa ƙirƙiro wasan hari da shi, kowa bai san da ɗan'uwansa ba. Wasu bishiya suke hari, wasu turken lantarki, wasu kwandon shara. A 1965 George Sappenfield, wani matashi mai kula da wasannin yara, ya shirya musu irin wannan wasa. A garin Rochester na jihar New York kuma, wasu abokai sun fara wasan mako-mako tun 1970, har a 1974 suka shirya babbar gasa wadda kyautarta sabuwar mota ce ƙirar Datsun. Amma duk waɗannan filayen na wucin gadi ne. An tashi wasa, an kwashe kaya, gobe babu alama.

Shekarar da komai ya sauya

Mutumin da ya gane inda gizo ke saƙar shi ne Ed Headrick, ma'aikacin Wham-O. Shi ne tun farko ya ƙara wa faifan 'yan layukan nan masu zagaye a samansa, ya samu takardar mallakar fasahar a 1967. A 1975 ya shawo kan hukumar wuraren shaƙatawa ta gundumar Los Angeles ta ba da wani sashe na dandalin Oak Grove, kusa da Pasadena, aka kafa fili na dindindin na farko. Ba wani ƙasaitaccen abu aka gina ba, sanduna kawai aka kakkafa a ƙasa a tsakanin bishiyoyi.

Sai dai sanda tana da matsala. Ka jefa daga nesa, kai ka ce ya taɓa, abokinka ya ce wallahi bai taɓa ba. Don a kashe irin wannan musun ne Headrick da ɗansa Ken suka ƙera kwando mai sarƙoƙi, suka yi masa rajista a 1977. Dabarar mai sauƙi ce. Faifan da ya bugi sanda tsalle yake ya koma baya, domin ƙarfin da ya zo da shi bai samu inda zai tafi ba. Sarƙa kuwa tana ba da kai, kowane zobe ya karɓi kaɗan daga ƙarfin, sai faifan ya mutu ya faɗa kwando. Ko dai yana ciki ko yana waje, babu sauran gardama. A 1976 kuma Headrick ya kafa ƙungiyar 'yan wasan, PDGA, wadda har yau ita ke tsara dokoki. Ita ta ƙayyade cewa faifan gasa kada faɗinsa ya gaza santimita 21, kada nauyinsa ya wuce giram 200.

Yanzu kwatanta Bladworth da Oak Grove. Wasan kusan iri ɗaya ne. Na Bladworth a cikin kan yara yake, da suka tafi suka tafi da shi. Na Oak Grove a ƙasa yake a kafe, a wurin da kowa ke da ikon shiga. Mai wucewa zai ga ana yi, ya tambaya, a ara masa faifai, mako mai zuwa ya zo da ƙaninsa. Filin yana nan har yau, shekara kusan 50 ke nan, kodayake an sauya wa dandalin suna zuwa Hahamongna.

Me ya sa faifai ke tashi?

Tunda nan zauren kimiyya ne, bari mu ɗan leƙa ciki. Abu biyu ke riƙe faifai a sama. Na farko siffarsa. Yana tafiya ne gabansa a ɗan ɗage dangane da iskar da yake ratsawa, samansa kuma a lanƙwashe, don haka yana karkatar da iska zuwa ƙasa, ita kuma ta tura shi sama, kamar dai fiffiken jirgi. Na biyu juyi. Ka tuna katantanwa: muddin tana juyawa da ƙarfi tana tsaye ƙyam, da ta rage gudu sai ta fara tangaɗi. Haka tayar keke da aka gangara. Abin da ke juyawa da sauri ba ya son a karkata shi. Jefa murfi ba tare da ka murza shi ba, ka ga yadda zai yi ta alkafura ya faɗi a gabanka.

Ga kuma wani abin mamaki. Idan ka jefa da hannun dama, bayan hannunka na gaba, faifan zai riƙa juyawa irin na hannun agogo ga mai kallo daga sama, kuma kusan kullum a ƙarshen tafiyarsa hagu zai karkata. Dalili? Yayin da gudunsa ke raguwa, wurin da iska ta fi tura shi yana matsawa gaba, tana son ɗaga masa goshi. Amma abu mai juyawa ba ya amsa turi a inda aka tura shi, sai a rubu'in zagaye daga wurin. Don haka maimakon goshi ya tashi, sai gefen hagu ya sunkuya. Ƙwararru da wannan suke kewaye bishiya.

Siffar ma tana da nata tarihin. A 1983 Dave Dunipace na kamfanin Innova ya fito da faifai mai siririn baki kamar an fiƙe shi, wanda ke yanka iska fiye da na da. Daga nan nisan jifa ya yi ta ƙaruwa. A 2016 David Wiggins ƙarami ya jefa faifai mita 338 a hamadar Nevada, da taimakon iska mai ƙarfi. Ka ƙiyasta, ya fi tsawon filin ƙwallo uku a jere.

Ƙasar da ta fi kowa gane darasin

Bayan Amurka, babu ƙasar da ta kai Finland yawan filayen wannan wasa. Na farkonsu an kafa shi ne a 1983 a unguwar Meilahti ta birnin Helsinki. Yau suna da sama da 1,000, alhali mutanensu ba su kai miliyan 6 ba, wato ba su kai mutanen Jihar Kaduna ba ko a ƙidayar 2006. Yawancin filayen na hukumomin garuruwa ne da ƙananan ƙungiyoyi, a dazukan bayan gari da kusa da makarantu. Kuɗi ma ya shigo wasan daga baya: a 2021 zakaran duniya Paul McBeth ya sa hannu a yarjejeniyar dala miliyan 10 ta shekara 10 da kamfanin Discraft. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Ƙaramin fili na kyauta shi ya haifi zakara, kafin kamfani ya san da shi.

To, mu fa?

Shi golf na asali ya daɗe a Arewa. Turawan mulkin mallaka sun bar filayensa a Jos da Kaduna da Kano da Zariya. Sai dai cikakken filin golf kan ci eka 100 zuwa sama, ga kuɗin shiga ƙungiya, ga tsadar sanduna. Shi ya sa mai noman rake a Makarfi ko mai tumatir a Ikara bai taɓa ganin abin a matsayin nasa ba. Golf ɗin faifai kuwa, zango ɗaya ba ya wuce kimanin eka guda, ba ya son ban-ruwa, ba ya son a sare ko reshe. Mangwaro da darbejiya da tsamiya su ne kayan aikinsa.

Ba muna cewa sai an kawo shi ba ne. Yana da nasa matsalolin. Faifan gasa daga waje ake shigo da shi. Kwandon ƙarfe a fili babu mai gadi, ka san 'yan gwangwan ba za su bar shi ya kwana ba. Sannan faifai mai fiƙaƙƙen baki yana iya fasa goshi, don haka ba a tsara zango ya ratsa hanyar da mata da yara ke bi zuwa rijiya. Duk da haka, ka tuna da sanduna aka fara a Oak Grove. Malamin wasanni a Hunkuyi zai iya shafa wa bishiyoyi tara fenti a harabar makaranta, ya koyar da darasin iska da juyi da murfin bokiti.

Babban abin da tarihin nan ke nuna mana ya shafi wasanninmu na gado ne. Langa da kokawa da dambe da wasannin gaɗa duk 'ya'yan dandali ne. An riga an rubuta wa langa dokoki, har ana yin ta a gasar wasanni ta ƙasa, amma doka a takarda ba ta koya wa yaro tsalle da ƙafa ɗaya. Yaro a wurin yayyensa yake gani, a filin da ya tarar ana yi. Duk garin da aka yanka dandalinsa aka yi fuloti, ko aka jera shaguna a gefen filin makarantarsa har ya shaƙe, to ya bi hanyar Bladworth ko bai sani ba.

Kuma akwai abin yi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma bai wa ƙaramar hukuma iko a kan filayen da ba a ayyana su cikin birni ba, har da amfani da su don amfanin jama'a. A Jihar Kaduna, hukumar KADGIS ce ke rajistar filaye. Saboda haka ka tambayi mai unguwarku ko dagaci ko kansila: filin da yaranmu ke wasa, da sunan wa yake? An auna shi? Yana da takarda? An kafa masa duwatsun iyaka? In amsar babu ce, to ƙungiyar matasan garinku ta samu aikin da ya fi sayen riguna da kofi muhimmanci a bana. Abin da yaran za su yi a ciki, langa ce ko tamaula ko jifan faifai, wannan a bar musu, sun fi mu sani.