Sheikh Mujibur Rahman: Uban Ƙasar Bangladesh da Abin da Ya Faɗa wa Gidansa

'Yan uwa, tarihinmu na yau ya kai mu Bangladesh, wurin mutumin da ya kafa ƙasar.

An haifi Sheikh Mujibur Rahman ranar 17 ga Maris 1920 a ƙauyen Tungipara, zamanin mulkin Turawan Ingila. Da aka raba Indiya a 1947, yankinsu ya zama Gabashin Pakistan. Mutanen gabas sun fi yawa, amma mulki da soja suna hannun yamma, har aka so a tilasta musu harshen Urdu alhali Bengali suke yi. Wannan danniya ce ta sa Mujib ya tsaya wa mutanensa a jam'iyyar Awami League, ya sha ɗauri ba sau ɗaya ba. A 1969 jama'a suka laƙaba masa Bangabandhu, wato Abokin Bengal.

A zaɓen 1970 jam'iyyarsa ta ci kujeru 167 cikin 169 na gabas, abin da ya ba ta rinjaye a majalisar ƙasa baki ɗaya. Sojoji suka hana shi mulki, suka kama shi a Maris 1971. Aka yi wata tara ana yaƙi, sojojin Pakistan suka miƙa wuya ranar 16 ga Disamba. Ya dawo gida ranar 10 ga Janairu 1972.

Sai dai riƙon ƙasa ya fi ƙwato ta wuya. Yunwa ta yi ɓarna a 1974, a 1975 kuma ya mayar da ƙasar ta jam'iyya ɗaya, aka rufe yawancin jaridu. Mutumin da ya yi gwagwarmaya don ƙuri'ar jama'a, shi ne ya toshe bakin 'yan adawa.

Da asubahin 15 ga Agusta 1975 wasu hafsoshin soja suka afka gidansa da ke titi mai lamba 32 a unguwar Dhanmondi, birnin Dhaka. Suka kashe shi da matarsa Fazilatunnesa, da 'ya'yansa Kamal da Jamal tare da amarensu, har da autansa Russel mai shekara 10. Hasina da Rehana kaɗai suka tsira, domin suna Turai. Aka kafa dokar da ta hana a tuhumi makasan; sai a 2010 aka rataye biyar daga cikinsu.

Hasina ta koma gida a 1981, ta yi Firaminista daga 1996 zuwa 2001, ta sake hawa a 2009. Ita ma aka zarge ta da murƙushe 'yan adawa. Ranar 5 ga Agusta 2024 zanga-zangar ɗalibai ta kore ta zuwa Indiya, aka cinna wa gidan mahaifinta wuta.

Uba da 'ya, kowannensu da ƙuri'a ya hau, kuma a ƙarshe babu wanda ya sauka ta hanyar ƙuri'a. Allah Ya ba mu shugabanni masu sauraren gyara.