Gina Shafin Intanet Ba Tare Da Ilimin Kod Ba: Abin Da Ya Sauya Da Abin Da Ɗan Kasuwa Zai Duba

Mafi yawan 'yan kasuwarmu na Mile 12, Agege, Sabon Ibadan, Onica da Fatakwal da WhatsApp suke cinikinsu, wasu su haɗa da Facebook ko Instagram. To amma duk wanda ya taɓa neman kai kaya otal ko babban kanti ya san tambayar da ake jefo masa: ina shafinku na intanet? A da sai an nemo mai rubuta kod an biya shi, kuma ko farashi za a sauya sai an koma wurinsa. Yanzu akwai dandalolin da mutum zai gina shafi da kansa, ya jawo hoto ya ajiye, ya rubuta bayani, ya wallafa. A 'yan shekarun nan sun yi sauye-sauye masu yawa ta fuskar zane da tsari. Ga bayaninsu, da kuma wanda ya shafi mai sayar da kilishi ko albasa ko shadda a cikinsu.

Su wane ne manyan dandalolin?

WordPress ya fito a 2003, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke. Squarespace na Amurka shi ma a 2003 Anthony Casalena ya fara shi yana ɗalibi a Jami'ar Maryland. An kafa Wix a Isra'ila a 2006, shekarar da Shopify na Kanada ya fara aiki, shi kuwa ya fi karkata ga masu shagon sayar da kaya. Webflow da Framer sun fi karɓuwa wurin ƙwararrun masu zane. Canva ya shigo harkar a 2022, sai Figma da ya fito da Figma Sites a watan Mayun 2025. Akwai kuma Google Sites, kyauta ne, sai dai kwalliyarsa kaɗan ce.

Sauyi na farko: waya ta zama gaba

A da, a kan faɗin kwamfuta ake tsara shafi, sannan manhaja ta matse shi ya shiga waya ko ta halin ƙaƙa. Shi ya sa za ka ga rubutu ya hau kan hoto, ko maɓallin kira ya ɓuya can ƙasa.

A watan Yulin 2022 Squarespace ya kawo tsarin da ya kira Fluid Engine. An raba fuskar shafi gida-gida kamar dara, layi 24 a kwamfuta, layi 8 a waya, kana jan hoto ko rubutu ka ajiye a gidan da kake so. Babban amfaninsa shi ne kana iya jera kayan fuskar waya daban ba tare da ka taɓa na kwamfuta ba. A watan Agustan 2023 Wix ya fito da Wix Studio, wanda ya maye gurbin Editor X, inda ake duba shafi a faɗi uku: kwamfuta, tablet da waya, kowane abu kuma yana miƙewa ko ya tsuke daidai da faɗin fuskar. WordPress kuwa tun Disambar 2018 ya koma gina shafi da bulo-bulo, sannan a Janairun 2022 ya ba da damar gyara shafin baki ɗaya, har da samansa da ƙasansa, da waɗannan bulolin.

Wannan ya fi kowane sauyi muhimmanci a wurinmu, domin kwastomanka da waya zai duba ka, ƙila ma yana cikin danfo. Shi kansa Google yanzu fuskar waya yake dubawa idan zai jera shafuka a sakamakon bincike. Saboda haka in ka gama tsari, ka buɗe shafin a ƙaramar wayar Android ta yaron shagonka. Abin da ka gani a nan shi ne shafinka na gaskiya.

Sauyi na biyu: ƙirƙirarriyar basira

Wix ya fara gwada wannan tun 2016 da abin da ya kira ADI. A 2024 ya fito da sabon salo na hira: manhajar za ta tambaye ka sunan kasuwancinka, me kake sayarwa, a ina kake, sai ta haɗa maka shafi da hotuna da rubutu cikin mintuna. Framer ya riga shi da irin wannan a 2023, Squarespace yana da Blueprint AI, Webflow da WordPress.com suka fito da nasu a 2025. A shekarar ce Shopify ya kawo sabbin zubin shago masu suna Horizon, inda za ka rubuta irin ɓangaren da kake so a ƙera maka.

Gaskiya abin yana rage wahala, musamman ga wanda bai san ta inda zai fara ba. Amma a yi hattara da abu biyu. Na ɗaya, hotunan da take sakawa na aro ne, ba kayanka ba. Idan mai saye ya ga wata jibgegiyar albasa a shafi, aka kawo masa wata daban, ai amana ta zube. Ka ɗauki hoton kayanka da kanka a cikin hasken rana. Na biyu, rubutun da take yi ta kan ƙara gishiri, ta ce kana kai kaya ko'ina a duniya alhali iyakarka Legas da Ogun. Ka karanta layi-layi, ka goge duk alkawarin da ba za ka iya cikawa ba. In da Hausa ta rubuta, nan ma sai ka bi ta da gyara sosai.

Sauyi na uku: launi da haruffa daga wuri ɗaya

Yanzu kusan duk dandalolin suna da wuri guda da ake zaɓen launuka da salon haruffa na shafin gaba ɗaya. Ka sauya kore zuwa shuɗi sau ɗaya, ko'ina ya sauya. Webflow ya ƙara wannan damar a 2023. WordPress kuma a fitowarsa ta 6.5 a Afrilun 2024 ya buɗe ma'ajiyar haruffa, wadda ake ɗauko salon rubutu daga Google Fonts kai tsaye.

A nan akwai wata matsala da ta shafe mu mu Hausawa. Ba kowane salon haruffa ne yake ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Idan salon da ka zaɓa ba shi da su, sai harafin ya fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma, wani lokaci ma ɗan akwati ne zai fito. Gwajin mai sauƙi ne: ka rubuta "ƙarfe, ɗinki, ɓawo" da ƙanana da manyan haruffa, ka duba a waya. Noto Sans da Andika suna cikin waɗanda ke ɗauke da haruffanmu.

Ga mai son shafi da harshe biyu, Turanci don abokan ciniki na nan kudu, Hausa don na gida, Wix yana da sashen harsuna da yawa, Webflow ma ya ƙara nasa a ƙarshen 2023, sai dai ana biyan kuɗinsa daban.

Sauyi na huɗu: motsi da ƙyale-ƙyale

Rubutu mai shigowa a hankali, hoto mai juyawa idan an taɓa, bidiyo mai tafiya a bayan rubutu, duk yanzu da danna maɓalli ake yin su. Webflow ya sayi GSAP, fitacciyar manhajar motsi, a 2024, ya mayar da ita kyauta a 2025. Framer ma da irin wannan kwalliya ya yi suna.

Sai dai kwalliya nauyi ce, nauyi kuma data yake ci. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Mutumin da ya sayi data ta yini ɗaya ba zai tsaya jiran bidiyonka ba. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke saman shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Don haka ka rage girman hotuna kafin ka ɗora, ka bar bidiyo sai wanda ya danna, ka sa farashi da lambar waya da maɓallin WhatsApp a inda ido zai fara sauka.

Abin da tallan ba ya faɗa

Kuɗi. Yawancin waɗannan kamfanoni da dala suke karɓar kuɗin wata ko na shekara, ke nan duk lokacin da naira ta faɗi hayarka ta tashi. Wix, Webflow da Framer suna da tsarin kyauta, amma sunan kamfanin zai manne a adireshinka, kuma tambarinsu zai fito a shafin. Squarespace ba shi da na kyauta sai gwaji na kwana 14.

Karɓar naira. Kafin ka ɓata lokaci kan zane, ka tabbatar dandalin yana haɗuwa da hanyar biyan kuɗi ta Najeriya. Paystack da Flutterwave suna aiki da Shopify da kuma WooCommerce na WordPress. Su biyun kuma suna da ɗan shagon intanet nasu da ake buɗewa ba tare da gina cikakken shafi ba. Akwai kuma Bumpa da Selar, duka na gida. Ga mai kaya kala goma ko ashirin, sau da yawa wannan ya wadatar.

Ƙaura. Shafin da aka gina a Wix ba a ɗauke shi a kai wani dandali, sai dai a sake gini. Squarespace yana barin a kwashe wani ɓangare na rubutu da hotuna. Webflow yana barin masu biyan kuɗi su sauke kod ɗin zanen. WordPress da ka ajiye a wurin da ka zaɓa da kanka shi ya fi sauƙin ɗauka.

Kada a ɗauka wannan zance ne kawai. A watan Maris na 2024 Google ya rufe ƙananan shafukan kyauta da masu kasuwanci suka gina ta Google Business Profile. Duk wanda ya buga wancan adireshin a kati ko allon shago sai da ya sake. Mu da muke zaman haya a kasuwannin kudu mun san yadda ake ji idan aka wayi gari da takardar tashi.

Maganinsa shi ne ka mallaki sunan shafinka. Ka yi rajistar adireshi irin na .com.ng ko .ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi, ana kuma biya da naira ta hannun dillalan da ta amince da su. Ka tabbatar da sunanka da imel ɗinka aka yi rajistar, ba na yaron da ya taya ka aikin ba, kuma ka riƙe kalmar sirri. Ka rubuta ranar sabuntawa ta shekara-shekara a inda ba za ka manta ba. Ka ajiye kwafin hotuna da bayanan kayanka a waya da kuma wani wuri daban. Idan ka yi haka, ko dandali ya ƙara kuɗi ko ya rufe, sai ka ɗauki sunanka ka koma wani, kwastomominka kuma su same ka a adireshin da suka saba.