Yadda Aka Kawo Ƙarafan Jirgin Ƙasa Daga Ingila Zuwa Baro

Duk mai karatun tarihin Nijeriya ta Arewa ya san jirgin ƙasa ya fara isa Kano a shekarar 1911. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, ta ina ƙarafansa suka biyo? Wannan shi ne abin da za mu duba a taƙaice.

A shekarar 1907, zamanin Gwamna Girouard, aka amince da shimfiɗa dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano, tafiyar mil ɗari uku da hamsin da ɗoriya. Babu maƙera a ƙasar nan da ke iya ƙera dogo ko kan jirgi, saboda haka kome sai an sayo daga Ingila.

Kafin kaya su hau jirgin ruwa sai an kasa su. Masu jiragen ruwa suna da ma'auni biyu: nauyi da cin wuri. Kaya mara nauyi mai girma akan biya masa gwargwadon wurin da ya ci, kaya mai nauyi kuwa tan-tan ake lissafa shi. Aksul, watau sandar ƙarfen nan da ke haɗa ƙafafu biyu na tarago, yana cikin kashi na biyu, kuma a can ƙasan jirgi akan kwantar da irinsa don kada jirgin ya karkace. Kawunansa biyu, inda nauyin tarago ke zama, su ne abin lallaɓawa. Akan shafe su da giris, a naɗe, a kewaye da katako, domin gishirin teku na kawo tsatsa, kuma ɗan ƙwarzane kaɗan ya isa ya sa aksul ya riƙa zafi a kan tafiya.

Daga bakin teku sai a bi Kwara a hau. A nan fa aka jira ikon ruwa, gama manyan jirage ba su kaiwa Baro sai kogi ya cika wajen ƙarshen damina. Kayan da suka makara sai a juye su cikin ƙananan jirage, ko su jira baɗi.

Fatake sun saba raba kaya daidai ƙarfin jaki da raƙumi, amma aksul ba ya rabuwa. Don haka dogon da aka riga aka shimfiɗa shi ke ɗaukar ƙarafan da za a ƙara gaba. Sharar hanya da haƙa kuwa talakawan Nupe da Zazzau da Kano suka yi, waɗanda sarakuna suka tattaro bisa umarnin Turawa. Aikin nan ne Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi ya yi wa Waƙar Diga.

A shekarar 1912 aka buɗe hanyar ga 'yan kasuwa, gyaɗa ta nufi teku, ayarin Tarabulus ya ƙara ja baya. Baro ma ba ta daɗe tana cin moriya ba, domin da aka gama gadar Jabba a 1916 sai kaya suka koma bin Ikko.