Kunnen Hukuma da Sirrin Waya: Tarihin Jayayyar Kusan Shekara Ɗari

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ba kowace magana ake yi don kowane kunne ba. Shi ya sa ya ƙago zaurance, inda ake jirkita gaɓoɓin kalma ko a cusa wasu a tsakaninsu, mutum biyu su sha zancensu a tsakiyar taro, bami yana ji amma bai san inda aka dosa ba. Abin da wayar hannu ta zamani take yi wa muryar mai kira shi ma zaurance ne, sai dai na lissafi: takan mayar da magana jerin lambobi marasa kai da gindi, ba mai warware su sai wanda ke riƙe da mabuɗin. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin jayayyar da aka daɗe ana yi tsakanin jami'an tsaro masu neman jin zancen waya da masu kare sirrinsa. Mafi yawan tarihin a Amurka ya auku, domin can ne manyan shari'o'in suka gudana. Za a nuna cewa duk sa'ad da aka toshe wa mai sauraro wata kafa, sai ya ƙara matsowa kusa da mai magana, watau daga igiyar kan titi zuwa cibiyar kamfani, daga nan zuwa cikin aljihu. Ita kuwa doka kullum sawunsa take bi.

2.0 Zamanin Igiyar Waya

A shekarun da aka haramta sayar da giya a Amurka, daga 1920 zuwa 1933, wani tsohon hafsan 'yan sanda na birnin Seattle mai suna Roy Olmstead ya shahara wajen fasa-ƙwaurinta. Jami'an gwamnatin tarayya suka jona wayoyinsu da igiyoyin da ke zuwa ofishinsa da gidansa, suka yi watanni suna rubuta abin da suke ji, ba tare da izinin alƙali ba. Da maganar ta kai Kotun Ƙoli cikin 1928, alƙalai biyar daga cikin tara suka ce ba a keta haddinsa ba. Hujjar Babban Joji William Howard Taft ita ce, gyara na huɗu na tsarin mulkin ƙasar, wanda aka yi tun 1791, ya hana kutsa kai cikin gida da ƙwace kaya ko takardu ne, su kuwa jami'an ko ƙofar gidan ba su taka ba. Mai shari'a Louis Brandeis ya saɓa musu, ya yi gargaɗin cewa ilmin kimiyya zai kai hukuma ga sanin abin da ke cikin ɗakin mutum ba tare da ta buɗe akwatinsa ba.

Sai da aka shekara 39 kafin kotu ta komo ga ra'ayinsa. Cikin 1967 aka kawo ƙarar Charles Katz, ɗan cacar da hukumar bincike ta FBI ta maƙala wa na'urar ɗaukar magana a bayan rumfar wayar haya da yake shiga a Los Anjalis. Kotu ta yanke cewa mutum doka take karewa duk inda yake, kuma wanda ya shiga rumfa ya ja ƙofa ya biya kuɗin kira yana da haƙƙin sa ran ba mai jin sa. Dokar 1968 ta wajabta neman izinin alƙali. Duk da haka, kwamitin Majalisar Dattawa na Sanata Frank Church, wanda aka kafa cikin 1975, ya bankaɗo yadda aka yi shekaru ana sauraron wayoyin Martin Luther King da sunan tsaron ƙasa. Wannan ne ya haifi dokar 1978 wadda ta kafa kotu ta musamman don irin waɗannan buƙatu.

3.0 Zaurancen Lissafi da Mabuɗin Hukuma

Har zuwa wannan lokaci gardamar ta izini ce kawai, domin duk wanda ya kai ga igiya ya kai ga magana. Kiɗan ya sake cikin 1976, sa'ad da Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford suka bayyana hanyar da mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su shirya mabuɗin sirri a gaban idon mai leƙe, shi kuwa ya tashi a tutar babu. Cikin 1991 Phil Zimmermann ya saki manhajar PGP kyauta, abin da dā ke hannun soja da 'yan leƙen asiri ya faɗo hannun talaka. Da yake dokar Amurka ta lokacin ta sa irin wannan manhaja cikin jerin makamai, sai aka yi shekara uku ana bincikensa, kafin a janye cikin 1996.

Gwamnatin Bill Clinton ta kawo nata maganin cikin Afrilun 1993: wata 'yar ƙwayar na'ura mai suna Clipper da za a dasa cikin tarho. Za ta kulle magana sosai, amma kwafen mabuɗin kowace waya zai zauna a hannun gwamnati, a rabe biyu tsakanin hukumomi biyu, ba za a haɗa shi ba sai da izini. Cikin 1994 Matt Blaze, masani a ɗakin binciken kamfanin AT&T, ya nuna cewa mai wayo zai iya amfani da kullen ya kuma toshe kafar da aka bar wa hukuma. Watau ke nan mai gaskiya za a riƙa saurara, ɓarawo ya tsira. Zuwa 1996 shirin ya mutu murus.

4.0 Ƙofar Baya

Abin da hukuma ta rasa a wajen mabuɗi ta samu a wajen kamfanoni. Dokar 1994 ta tilasta wa kamfanonin tarho na Amurka su gina cibiyoyinsu ta yadda za a iya karkatar da kowane kira zuwa kunnen jami'i idan ya zo da izini, kuma masu ƙera na'urorin cibiya suka riƙa sayar da su ga duniya da wannan ƙofar baya a jikinsu. Illar ta bayyana a ƙasar Girka. Tsakanin 2004 da 2005 wasu masu kutse suka shiga na'urorin Ericsson na kamfanin Vodafone, suka tayar da sashen da aka tanada don sauraron hukuma, suka yi watanni suna jin wayoyi sama da 100, har da ta Firayim Minista Kostas Karamanlis da ta wasu ministocinsa. Bayan shekara ashirin abin ya iso gida. Cikin 2024 hukumomin Amurka suka ba da sanarwar cewa masu kutsen da suka alaƙanta da ƙasar Sin sun shiga manyan kamfanonin tarhonsu, sun kai har ga bayanan buƙatun sauraron da kotu ta amince da su. Sin ta musanta. A watan Disamba na shekarar, jami'an tsaron Amurka da kansu suka shawarci jama'a su koma ga manhajoji masu kulle magana.

5.0 Daga Cibiya Zuwa Aljihu

Bayan tonon sililin da Edward Snowden ya yi cikin 2013, kamfanoni suka fara zare hannunsu daga mabuɗin. Cikin 2014 Apple ya sake tsarin wayoyinsa ta yadda shi kansa ba zai iya buɗe su ba, a shekarar kuma Kotun Ƙoli ta yanke, baki ɗaya, cewa ba a binciken wayar wanda aka kama sai da izinin alƙali. Cikin Afrilun 2016 WhatsApp ya kulle saƙonni da kiran mutum fiye da biliyan ɗaya, daga wayar mai kira zuwa ta mai amsawa.

Gwajin ya zo da jini. Ranar 2 ga Disamba 2015 aka kashe mutum 14 a San Bernardino ta jihar Kalifoniya. FBI ta sami wayar ɗaya daga cikin maharan, amma idan aka kuskure lambar sirri sau goma za ta iya goge kanta. Cikin Fabrairun 2016 kotu ta umarci Apple ya rubuta manhajar da za ta kau da wannan shinge, ta dogara da wata dokar 1789. Shugaban kamfanin, Tim Cook, ya ƙi, yana mai cewa mabuɗin da ya buɗe waya ɗaya zai buɗe duk irinta. Kafin a kai ga hukunci, hukumar ta biya wasu ƙwararru suka buɗe mata wayar, ta janye ƙarar cikin Maris.

Daga nan aka daina kokawa da lissafi, aka nufi wayar kanta, inda magana take a warware kafin a kulle ta. Cikin 2020 jandarmomin Faransa suka shiga manyan kwamfutocin EncroChat a garin Roubaix, suka tura manhajar leƙe cikin wayoyin masu hulɗa da shi, wajen mutum 60,000. Zuwa 2023 hukumar 'yan sandan Turai ta lissafa kamun mutum 6,558. FBI da 'yan sandan Ostareliya kuwa kamfanin suka kafa da kansu. Daga 2018 zuwa Yunin 2021 suka bazu da wayoyin ANOM sama da 12,000 cikin gungun masu laifi a ƙasashe fiye da 100, suka tara saƙonni miliyan 27, aka kama mutum sama da 800. Amma irin wannan dabara ba ta tsaya kan dillalan ƙwaya ba. Cikin 2021 binciken 'yan jarida da ƙungiyar Amnesty ya gano manhajar Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda ake sayar wa gwamnatoci don yaƙi da ta'addanci, a cikin wayoyin 'yan jarida da masu kare haƙƙin ɗan'adam.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa kowane ɓangare yana da abin kamawa. Kamun EncroChat da ANOM ya tabbatar da cewa miyagu suna fakewa a bayan kulle, kamar yadda labarin Martin Luther King da na Girka da na Pegasus ya tabbatar da cewa kafar da aka huda don kama mai laifi ba ta tantance mai shiga. Abin lura shi ne, a cikin manyan nasarorin da aka zana ba inda aka karya lissafin kansa. Kewaye shi aka yi. Saboda haka tambayar ta koma inda Brandeis ya bar ta cikin 1928: wa zai ba da izini, kuma wa zai sa ido a kan mai izinin? Tambayar ta shafi Nijeriya, inda sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci sirrin zancen tarho da sunansa, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa kuma ta fitar da ƙa'idojin sauraron waya bisa doka cikin 2019. Auna waɗannan ƙa'idoji da ma'aunin wancan sashe aiki ne da ke jiran masana shari'a da na tarihi.