Tiya da Lamba: Tarihin Ma'aunin Manyan Lambobi a Harshen C

Duk wanda ya saba cin kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi ya san cewa mai sayen gero ba ya dogara da sunan tiya kawai, sai ya dubi ƙwaryar awon da idonsa, domin suna ɗaya ne amma ciki ya kan bambanta. A wannan takarda muna so mu nuna cewa masu rubuta manhajar kwamfuta sun yi shekaru suna fama da irin wannan matsala.

A wajen 1972 ne Dennis Ritchie ya ƙago harshen C a Amurka. A na'urar da ya yi aiki da ita, wato PDP-11, ma'aunin da ake kira int gurabe 16 gare shi, kowane gurbi kuwa sifiri ko ɗaya yake ɗauka, saboda haka bai wuce 32,767 ba. Da aka daidaita ƙa'idar harshen a 1989, sai aka faɗi mafi ƙarancin girman kowane ma'auni, aka bar sauran ga masu ƙera na'ura. A ganinmu nan ne aka yi sake. Da na'urori masu gurabe 64 suka yaɗu, sai Unix da Linux suka mai da ma'aunin long gurabe 64, Windows kuwa ta bar shi a 32. Manhaja ɗaya ke nan, amsa biyu.

Kada a ɗauka wannan rigimar Turawa ce kurum. Gurabe 32 iyakarsu 2,147,483,647. Tun da Nijeriya ta koma naira da kwabo a 1973, hanya mafi aminci ta ajiye kuɗi a lissafi ita ce a ƙirga su da kwabo. To, wannan iyaka ba ta kai naira miliyan 22 ba. Ƙungiyar manoma da ta tara fiye da haka, sai jimillarta ta iya juyewa ta koma bashi ba tare da wani gargaɗi ba. Haka nan lambar BVN da aka fito da ita a 2014, alƙaluma 11 gare ta, ba ta shiga wannan ma'auni.

Sai a ƙa'idar 1999 aka kawo int64_t, wanda girmansa ke cikin sunansa a kowace na'ura. Amma tsofaffin littattafai suna nan a hannun ɗalibanmu na Dutsin-Ma, kuma da yawansu har yanzu da long suke fara koyon awo.