Yadda ake horar da likitocin ciwon daji kan magana da marasa lafiya

Horon sadarwa ga likitocin ciwon daji, cutar da ake kira sankara ko kansa, darasi ne da ake koya wa likita yadda zai shaida wa mutum cutar da ke jikinsa, ya bayyana masa abin da magani zai iya da wanda ba zai iya ba, ya kuma saurari fargabarsa. Fannin bai daɗe ba. A shekarar 1961 wani likita a Amurka, Donald Oken, ya tambayi likitoci 219, kusan kashi 90 cikin 100 suka ce sun fi son ɓoye wa mara lafiya cewa daji ne. Da aka maimaita irin tambayoyin a wani bincike da aka wallafa a 1979, kashi 97 suka ce sun fi son faɗa. Ra'ayi ya juya cikin shekara 18, amma makarantun likitanci ba su koya wa kowa yadda ake faɗin ba. Kowane likita yana kwaikwayon na gaba da shi ne, da kyakkyawan halinsa da mummunan.

Tsarin da ya fi shahara shi ne SPIKES, wanda Walter Baile na cibiyar MD Anderson da ke Texas da Robert Buckman na Kanada da abokan aikinsu suka wallafa a 2000. Matakai shida ne. Likita ya nemi wuri keɓantacce ya zauna, kada ya yi maganar a tsaye bakin gado, makwabta na ji. Kafin ya ce komai ya tambayi mara lafiya abin da ya riga ya fahimta game da jikinsa, sannan ya ji iya abin da yake son a gaya masa, domin wani yana son komai dalla-dalla, wani kuwa ya fi son a yi magana da ɗansa ko mijinta. Bayan haka ne zai ba da labarin, kaɗan-kaɗan, da kalmomin da mutum ya sani. Mataki na biyar ya fi kowanne wuya: idan hawaye ya zo ko shiru ya sauka, likita ya dakata, ya nuna ya ga halin da ake ciki. Na ƙarshe shi ne su tsara abin da za a yi nan gaba.

Wuyar mataki na biyar ta fito fili a wani bincike na 2007 a Amurka, inda aka naɗi hirarraki 398 tsakanin likitocin daji 51 da marasa lafiyarsu. Duk lokacin da mara lafiya ya furta damuwa ko tsoro, sau 22 kacal cikin 100 likita ke ba shi amsar da za ta buɗe masa ƙofar ci gaba da magana. Sauran lokutan sai a kauce, a koma kan sakamakon gwaji. Ba lallai rashin tausayi ne ya jawo hakan ba. Lissafin ƙwayar magani ya fi kallon idon mai kuka sauƙi.

Lacca ba ta gyara wannan. Abin da ke aiki shi ne gwaji: a ɗauko ɗan wasan kwaikwayo ya zama mara lafiya, likita ya shaida masa mummunan labari a gaban 'yan'uwansa likitoci kaɗan, a tsayar da shi inda ya kuskure, ya sake. Farfesa Lesley Fallowfield ta gwada wannan hanya a Birtaniya da likitoci 160 daga cibiyoyin daji 34, aka wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 2002. Waɗanda suka yi kwas na kwana uku sun ƙara yin tambayoyin da ke barin mutum ya faɗi abin da ke ransa, sun kuma rage tambayoyin da ke sa masa amsa a baki. A Amurka ma, shirin Oncotalk ya horar da likitoci 115 masu neman ƙwarewa. Kafin horon, kashi 16 ne kawai ke iya furta sunan cutar yayin ba da labarin, bayansa suka kai kashi 54.

Sai dai daɗin baki da fahimtarwa abu biyu ne. Wani bincike da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2012 ya bi marasa lafiya 1,193 da dajinsu ya riga ya bazu a jiki, ana yi musu ƙarin ruwan maganin daji. Kashi 69 na masu dajin huhu da kashi 81 na masu dajin hanji ba su gane cewa da wuya ƙwarai maganin ya warkar da su ba. Abin mamaki, waɗanda suka fi yaba wa likitansu da iya magana su ne suka fi zama cikin wannan kuskure. Saboda haka ma'aunin da ya fi dacewa shi ne abin da mara lafiya ya fita da shi a kansa, kuma shi ya sa ake koya wa likita ya roƙe shi ya maimaita bayanin da bakinsa. Bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi wa bincike-binciken wannan fanni ta samu cewa horon yana sauya yadda likitoci ke magana, amma hujjar cewa yana rage wa marasa lafiya damuwa ba ta yi ƙarfi ba tukuna.

Tsarin da aka gina a Amurka ba ya shiga kowace al'ada yadda yake. A Japan, inda aka daɗe ana shaida wa iyali kafin mara lafiya, masu bincike sun fara tambayar marasa lafiyarsu yadda suke so a yi musu magana, suka gina nasu tsarin mai suna SHARE. Gwajin da aka wallafa a 2014 da likitoci 30 ya nuna marasa lafiyar waɗanda aka horar sun fi ƙarancin alamun ƙuncin rai.

Wannan darasi ya shafi Nijeriya kai-tsaye. Hukumar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan 128,000 suka kamu da cutar a ƙasar, kusan 80,000 suka rasu, kuma akasari sai cutar ta yi nisa ake zuwa asibiti. A ƙasar Hausa wanda aka tambaya yaya jiki zai ce da sauƙi ko da ciwo na cinsa, kawaici kuma yana hana shi yi wa likita tambaya. Sau da yawa dangi kan ja likita gefe su ce kada a gaya masa, alhali shi ne zai yanke shawarar sayar da gona ko rumfar kasuwa don biyan kuɗin magani. Idan likitan ba ya jin Hausa, ɗan rakiya ne ke yin tafinta, yana tace abin da ya ga dama. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da haƙƙinsa na ƙin karɓa, kuma a yi hakan da harshen da yake fahimta inda zai yiwu. Dokar ta bar ƙofar ɓoyewa ne kawai inda akwai ƙwaƙƙwarar hujja cewa faɗin zai cutar da shi.