Asali da Kwafi: Tarihin Sabunta Fayilolin Harhaɗa Manhaja, 1972 zuwa 2024

Manufar wannan takarda ita ce bin tarihin wata matsala da ta daɗe tana damun masu shirya manhaja domin rabawa, watau wanne za a amince da shi: rubutun da mutum ya yi da hannunsa, ko kuwa wanda na'ura ta fitar daga cikinsa? Malamanmu masu juyar littattafai sun san irin wannan tambaya, shi ya sa ba su sakin kwafi sai sun yi muƙabalarsa da asali.

Kayan bin diddigin canji su suka fara zuwa. A 1972 Marc Rochkind na cibiyar bincike ta Bell a Amurka ya ƙirƙiro SCCS, mai adana kowane gyara da aka yi wa fayil. A 1974 aka sami diff, wanda ke nuna layukan da suka bambanta tsakanin fayiloli biyu, sa'an nan a 1976 Stuart Feldman ya rubuta Make, mai tsara matakan harhaɗawa. Larry Wall ya ƙara da patch a 1985, aka koma aika faci kaɗai maimakon dukan manhajar.

Sai dai na'urorin Unix sun sha bamban da juna, abin da ya harhaɗu a wannan yakan ƙi a waccan. Domin magance haka David MacKenzie ya fara Autoconf a 1991. Marubuci zai rubuta ɗan gajeren bayani, Autoconf kuma ya fitar da dogon fayil mai suna configure, wanda kan kai dubban layuka. Al'ada ta zama a cusa wannan fayil cikin ƙunshin da ake rabawa, amma sau da yawa ba a ajiye shi a ma'ajiyar tarihin manhajar. A nan, a tamu fahimtar, ɓaraka ta fara: abin da ake dubawa daban, abin da ake harhaɗawa daban.

Masu shirya Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993, sun daɗe tsakanin zaɓi biyu. In sun bar configure yadda ya zo, tsohon fayil ba ya gane sababbin na'urori. In sun sabunta shi, diff ya cika da dubban layuka, gyaran layi uku na gaske ya nutse a ciki (kuma babu mai karanta irin wannan tarin, kome haƙurinsa). Mafitar da suka tsaya a kai ita ce a ajiye faci a kan asalin kaɗai, a sake fitar da sauran duk lokacin harhaɗawa. Daga 2016, da mataki na 10 na debhelper, wannan sabuntawa ta zama abin da ke gudana da kansa.

Abin da ya auku ga xz, manhajar matse fayiloli, ya nuna girman al'amarin. Ran 29 ga Maris 2024 Andres Freund ya ba da sanarwar ɓarauniyar hanya a fitowa ta 5.6.0 da ta 5.6.1, bayan ya lura shiga na'ura ta SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya ɓoye dafin cikin fayilolin gwaji, amma rubutun da ke tayar da shi, a cikin build-to-host.m4, yana cikin ƙunshin rabawa ne kurum, babu shi a ma'ajiyar Git. Daɗin daɗawa, an ɗaga lambar wannan fayil yadda kayan sabuntawa za su ɗauke shi sabo su ƙyale shi. Ke nan sabuntawa kaɗai ba ta wadatar ba. Sai an share fayilolin da aka fitar tukuna, ko a harhaɗa kai tsaye daga Git.

An gano shi kafin ya shiga tsayayyar fitowar Debian. Da ya wuce, da ya isa manyan kwamfutoci masu Linux, irin waɗanda hada-hadar intanet ta dogara da su, har da kuɗin da manomi a Kiru ko Tudun Wada ke aikawa ta wayarsa.